Buhu Biyu na Baba Mai Sikeli

A ofishinmu na ƙididdigar noma ba wanda ke kiransa da sunansa na yanka, Baba Mai Sikeli kawai. Shekara ashirin da bakwai ya yi yana zagaya ƙauyuka goma sha ɗaya a kan wani babur da ba ya tashi sai an tura, jakarsa ɗauke da igiya da turaku huɗu da ƙaramin sikeli.

Aikinsa auna amfanin gona. Sauran ma'aikata a gindin bishiya suke zama, su tambayi manomi buhu nawa ya samu, su rubuta, kafin azahar sun dawo. Baba kuwa sai ya kutsa tsakiyar gona, ya kafa turaku, ya ja igiya, ya yanke dawar da ke ciki, ya shanya, ya sussuke, sannan ya auna. Shi ya sa kullum takardunsa ne na ƙarshe, ga laka a jikinsu. Ni ce mai shigar da su kwamfuta, kuma Allah ya sani na sha yi masa tsaki a bayan idonsa.

"'Yata, manomi ba maƙaryaci ba ne," yakan ce mini. "Amma in ya zaci haraji ne sai ya rage, in surukinsa na wurin sai ya ƙara."

Bara aka kawo mana sabuwar manhaja don gyara aikin. Duk lambar da ta yi nisa da ta maƙwabta sai ta yi ja, kuma rahoto ba ya tafiya sai an kira wanda ya auna an tabbatar. Ranar rufe rahoto, ƙarfe biyu na rana, takardun Baba suka iso. Ƙauye ɗaya ya samu buhu biyu a hekta, alhali na kusa da shi suna da goma sha ɗaya, goma sha biyu. Allon ya yi ja. Na kira shi sau ɗaya, wayar ba ta shiga ba. Oga na tsaye a kaina yana duba agogo. Na ce a raina tsoho ya fara ruɗewa, na goge biyun, na zuba lambar shekarar da ta wuce. Jan ya ɓace, na ɗauki jakata.

Sai bayan wata uku, ina jera takardu a kabad, na ga ya yi rubutu a bayan takardar: tsutsa ta cinye musu dawa, ya auna gona biyar don ya tabbatar. A lokacin an riga an raba iri ga ƙauyukan da suka yi asara, da rahotonmu aka yi rabon, kuma ƙauyen ba ya ciki. Baba ne ya ce musu kada su wahalar da kansu zuwa gari yin ƙorafi, takarda za ta yi musu magana. Tun daga nan ba mai barin sa ya taka gonarsa a can, gaisuwarsa ma da ƙyar suke amsawa. Kunya nake ji har yau, kunya mai hana cin abinci.

Makon jiya ya zo teburina sanye da sabon tabarau, riƙe da takardar ajiye aiki.

"'Yata, na yi ta tunani. Kwamfuta ba ta kuskure, ke kuma yarinya ce mai kula. Idona ne. Wataƙila sha biyu na rubuta ban sani ba. Na cuci mutanen nan, ke ma na sa ki aika ƙarya. Ki yafe mini."

Takardar da ya rubuta buhu biyun a kai na cikin aljihun teburina inda na ɓoye ta, gwiwata na taɓa shi. Na buɗe baki.

"Baba," na ce, "tabaran ya yi maka kyau."