Tsohon da Ke Zaɓen Robar Masai

A shagon kayan famfo na Eulalie, a New Orleans, wani tsoho yana tsaye gaban robobin nan masu sanda da ake buɗe toshewar masai da su. Kwat ɗinsa ta yi masa yawa, kamar wanda ya tashi daga doguwar jinya. Leɓensa na sama ya yi kanta irin ta masu busa. Yana ɗaukar roba, ya matsa, ya ajiye.

"Baba, duk aikinsu ɗaya ne," in ji Eulalie.

"A masai ba, 'yata."

Ya zaɓi guda, ya cire sandar. Sai ya buɗe akwatin da ya shigo da shi ya fito da turombon, dogon ƙahon kiɗan jaz mai zugewa. Yadda ya ɗaga haɓa kawai ya sa masu gyaran famfo da ke layi suka yi tsit. Eulalie ta raya a ranta cewa wannan ya daɗe yana juya babbar ƙungiyar makaɗa da ido.

Yana busawa, yana rufe bakin ƙahon da robar yana buɗewa. Ƙahon ya yi gunaguni, ya yi kuka, sannan ya fashe da dariya kamar mutum. Shago ya ɗauki tafi. Ya ɗaga yatsa ɗaya, kowa ya tsaya cak.

"Sandar fa, Baba?" in ji Eulalie.

"Ba wa mai masai. Ni yaran ƙungiyata na can suna jirana, sun ɗauka ni da busa an gama."