Khamisu da Damin Iri

A ƙauyukan da ke bayan Makoda gonaki kafaɗa da kafaɗa suke. Kunyarka ta ƙare, ta maƙwabci ta fara, layin gamba ne kawai tsakani. A nan aka haifi Khamisu, na biyar cikin 'ya'yan Malam Dabo maza. Yayyensa huɗu ci-rani ya kwashe su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tafi da alkawarin dawowa kafin ruwan farko, kowa kuma ya samu abin da ya riƙe shi. Shi boko ya bi, har ya yi difloma a fannin kwamfuta a Kano. Yana gamawa tsohon ya aiko cewa gwiwa ta hana shi sunkuyo, ya zo ya kama masa damina ɗaya. Damina ɗayan ce yau take shekara ta shida.

Ba wanda ya ɗaure shi, abin da ya fi ci masa rai ke nan. In ya ta da zancen tafiya, Malam Dabo ba ya taɓa cewa a'a.

"To, Allah ya kai mu. Bari dai a yi shuka."

An yi shuka, sai a jira noman farko. Daga nan maimai, yankan gero, cirar gyaɗa, girbin dawa. Wanda ya ce manomi yana hutawa da rani bai taɓa bin jaki da mangalar taki ba.

Don kada hannu ya mance abin da ya koyo, Khamisu ya haɗa wa kansa wani ɗan shafi a intanet. Aikinsa ɗaya ne: ka rubuta wasiƙa, ka zaɓi rana, ya kulle ta, sai ranar ta zo ya turo maka. Shi ma mai shafin ba ya iya buɗewa kafin lokaci, da gangan ya yi shi haka. A gindin ɗorawar da ke ƙarshen gonarsu ya gina shi, tsohuwar laftof a kan cinya, don nan kaɗai sabis ke kamawa. Mahaifiyarsa, Inna Maijidda, ta kawo masa fura wata rana ta tambayi wa yake wa rubutu haka. Da ya gaya mata, ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Kai da kanka? To ai ga ka nan zaune, faɗa wa kanka mana."

A gidan Malam Dabo akwai al'ada tun kakanni. Ranar da aka yanke gero, mai gida ne da hannunsa yake zaɓar zangarniyar da ta fi cika, ya ɗaure dami guda, ya rataye a ƙuryar rumbu. Shi ne irin baɗi. Duk ɗan da aka miƙa wa wannan dami, gandu ya koma wuyansa, ba ya sake yin nisan kwana da gona. Khamisu ya san wannan sarai. Shi ya sa tun a daminarsa ta farko ya rubuta wa kansa wata wasiƙa ya kulle ta shekara biyar, ya sa mata ashirin ga Satumba, don ta iso gabanin yankan gero.

Bana abokin karatunsa, Sabiru, ya buɗe ɗan kamfani a Kano yana yi wa masu kantuna shafukan talla. Ya ce ya ajiye masa kujera, amma iyakarta ƙarshen Satumba. Khamisu ya wanke jakarsa ya shanya, karo na farko cikin shekaru.

Sai dai gona ba ta san kalandar Bature ba. Ruwa ya sauka da wuri, gero ya nuna tun farkon wata. Ran da aka yanke, aka fito da Malam Dabo a bayan babur, aka shimfiɗa masa buhu a inuwa. Ya daɗe yana juya zangarniya yana murzawa da babban yatsa, ya ɗaure damin da ƙyar, hannu na rawa. Ya duba hagu ya duba dama, kamar akwai wasu 'ya'yan da zai zaɓa a ciki. Sannan ya ce, "Auta, zo."

Khamisu bai manta abin da ke cikin wasiƙar ba, kada ma a ba shi wannan uzurin. Amma ga maƙwabta tsaye da lauje a hannu, ga tsoho ya ɗaga dami sama da ƙarfinsa. Ya durƙusa, ya miƙa hannu biyu.

Bayan mako biyu, yana gindin ɗorawa, wayarsa ta yi ƙara. Shafin ya yi aikinsa, ko minti ɗaya bai makara ba.

"Khamisu, in har yanzu a gindin ɗorawa kake karanta wannan, to ka ji. Komai Baba ya sa ka, yi. Amma kada ka karɓi damin iri. Ka ce a jira Yaya Abdulkabir."

Ya karanta sau uku. Ya ji tausayin yaron da ya rubuta ta, ya kuma ji haushinsa, don yaron bai taɓa ganin hannun Baba yana rawa ba. Ya kira Sabiru ya ce a ba wani kujerar. Sabiru ya ce, "Ko zuwa bayan girbin dawa?" Khamisu ya ce a'a, ya san wannan zancen, a gidansu aka ƙago shi.

Ya buɗe sabon shafi zai rubuta wa kansa wata. Ya daɗe yana neman abin da mutumin baɗi zai buƙaci ji daga gare shi. Da ya samu, ya sa mata ɗaya ga Satumba, ya rubuta layi ɗaya, ya kulle:

"Ka zaɓi masu cika, ka rataye su sama sosai, ɓera na hawa ta gabas."