Mansura da lambar raƙumi

Mansura Souleyman Baƙo, ƴar unguwar da ke bayan kasuwar dabbobi ta Tawa, mun fara haɗuwa da ita a watan Maris na shekarar 2021, ranar da ƙungiyarmu ta makiyaya ta raba mana wayoyin ƙidayar dabbobi. Mahaifinta dillalin awaki ne. Ta san akuya mai tari tun kafin ta san ordinatar, wato kwamfuta, wadda ta je Yamai ta koyo, ta dawo ta zama mai kula da na'urorin ƙungiyar.

Aikin kuwa ga yadda yake. Ma'aikaci ya shiga ƙauye, ya ƙidaya dabbobi, ya danna a waya. Wayar ta aika wa babbar na'ura da ke Yamai, ita kuma ta fitar da adadin allurar rigakafin da za a kai kowane gari. Shirin wayar Attahir ne ya rubuta shi, wani Buzu mai fara'a, cikin harshen na'ura da ake kira Java. Na Yamai kuma Muktari ya rubuta shi cikin Python. Shirye-shiryen biyu ba sa faɗa wa juna sunan dabba, lamba kawai suke miƙawa: shanu ɗaya, tumaki biyu, awaki uku, raƙuma huɗu. Kowannensu ya kwafi jerin nan da hannunsa cikin nasa shirin.

Wannan kwafin ne ya hana Mansura sakewa. Shekara biyu tana roƙon a ajiye jerin a takarda guda cikin na'ura, kowane shiri ya riƙa ɗaukowa daga can, kada kowa ya sake rubuta lamba da kansa.

"Lambobi huɗu ne fa, ƙanwata," in ji Muktari a waya, yana dariya. "Ko kakata ta riƙe su."

Ta kai maganar gaban Alhaji Yunusu, shugaban ƙungiya. Ya ce mata, "Ɗiyata, abin da bai lalace ba, mi za a gyara mishi?"

A bazarar 2023 Attahir ya je ganin gida, ya nuna wa kawunsa wayar don alfahari. Dattijon ya sa aka karanta masa jerin, sai ya ture wayar gefe. Wai a gidan wa aka taɓa jin an ambaci akuya kafin raƙumi? Kunya ta kama Attahir. Da ya dawo Tawa ya mayar da raƙumi farkon jeri, bai faɗa wa kowa ba, don a ganinsa ladabi ya gyara. Raƙumi ya zama ɗaya, kowace dabba ta matsa gaba, awaki suka koma huɗu. A Yamai kuwa huɗu tana nan a raƙumi.

Aka yi ƙidayar ƙauyen Affala da sabuwar wayar. Da motar allura ta iso, Mansura ta ga kwalayen ƙananan dabbobi ba su kai rabin na bara ba. Ta buɗe rahoto, ta ga an rubuta wa Affala raƙuma dubu tara.

"Attahir, taho ka gani. Yaushe Affala ta yi raƙuma dubu tara? Bisa rufin ɗaki suke kwana?"

Ya duba, ya cire tabarau, ya ce, "Wallahi kawuna ne..."

"Kawunka ya rubuta Java? Kai ka rubuta!"

Hadari ya riga ya fara haɗuwa a gabas. Da ruwan farko garken Affala ke tashi arewa, kuma akuyar da ta tafi ba allura ba mai sake ganinta sai kaka. Kwana uku Mansura ta zauna tana mayar da kowace lamba gidanta, gari bayan gari, ta aika sabon adadi Yamai. Muktari ya ce laifin na Attahir ne, shi ya kamata ya sauya. Attahir ya ce ba zai sake sa raƙumi ƙarƙashin akuya ba ko za a kore shi. Mako guda suka ɓata a kan wannan, allura ba ta taso daga Yamai ba.

Ranar da haƙurinta ya ƙare, ta shiga biro, wato ofishin Alhaji Yunusu, ba ta ko zauna ba.

"Baba, a fuskar waya raƙumi ya hau sama, ban hana ba. Amma lambarshi huɗu ce, a wuri guda za ta zauna, kuma ni ka riƙe da makullin. In ba haka ba, ku nemi wata."

Alhaji ya yarda. Rubuta takardar, da haɗa shirye-shiryen biyu da ita, bai ci mata yini ɗaya ba. Wannan ya fi komai ƙona mata rai.

Allura ta biyu ta iso kwana huɗu bayan ruwan farko. Mansura ta bi motar har Affala. Ta tarar garke ya tashi, babu saura sai tsofaffin awaki da guragu, waɗanda aka bari a gida. Su aka yi wa allurar, ba su kai ɗari uku ba. Ta tsaya tana kallon sauran kwalayen ana mayar da su mota, ni ma ina Affala ran nan, na gaishe ta, ta amsa a taƙaice.

Wannan ita ce haɗuwarmu ta ƙarshe, ranar Laraba, 21 ga Yuni, 2023.