Gyesun da Ciyawar Maƙwabciya

Duk wanda ya girma a ƙauyenmu na gabashin tsibirin Jeju ya san gidan O Gyesun, don ba a wuce shi ba a waiwaya ba. Tun tana amarya take da hannun fure. Iskar teku mai gishiri tana ƙone shuka a nan, amma ita ta kare furanninta da katangar baƙin dutse, tana wanke musu ganye kamar jarirai. Ko 'ya'yanta aka yaba ba ta jin daɗi kamar a yabi tsakar gidanta.

Maƙwabciyarta Bu Jongja, wadda ta ɗan girme ta, ko albasa ta shuka sai ta mutu. Shekarar da mijin Jongja ya rasu, guguwa ta rushe rabin katangarta, ba ta da mai ɗora mata duwatsun. Sai ta riƙa zuwa gangaren bakin teku tana haƙo saiwar oksae, doguwar ciyawar nan da ake yanka wa dawakai, tana dasawa a gefen filinta don ta tare mata iska.

Gyesun ta leƙo ta saman katanga ta ce, "Yaya, doki za ki saya ne? Mutane na cire ciyawa, ke kina dasawa!"

"Ita kaɗai ce ba ta mutuwa a hannuna," in ji Jongja.

Bayan 'yan shekaru ciyawar ta cika filin, ta fi mutum tsawo. Da kaka ta yi sai ta fitar da kai fari sol, in iska ta kaɗa ta riƙa kwanciya tana tashi. Baƙi suka fara tsayawa. Wata rana ango da amarya suka zo daga Seoul da mai ɗaukar hoto, suka ajiye mota a ƙofar Gyesun, suka ba furanninta baya. Amaryar ma har da tambayarta, "Inna, ta ina ake shiga gidan mai ciyawa?"

Ranar Gyesun ba ta iya cin abinci ba. Mijinta Dubong ya ce, "Maman Sugil, miyar ta huce fa."

"Ciyawa fa! Abin da ke fitowa ko a kan kabari!"

"To ke ma ki dasa mana, ai ba sayarwa ake yi ba."

Ta harare shi, amma ta dasa ɗin, a ɓoye, bayan rumbun lemo. Ta cika ta da taki, tana ba ta ruwa safe da yamma. Ciyawar ta yi tsawo ta yi laushi, iskar farko ta shimfiɗe ta ƙasa. Dubong ya gani ya ce, "Kin shagwaɓa ta," ya fice kafin ta sami abin jifa.

Daga nan ta kai ƙara wurin mai gari, wai motoci na tare hanya, ciyawar kuma maɓoyar macizai ce. Mai gari ya zo ya duba, ya tsaya ya daɗe yana kallo, washegari ya sa aka kafa benci a wurin don baƙi su huta. Gyesun ta yi wata guda tana zagayawa ta bayan gari in za ta kasuwa.

Da ciwon gwiwa ya ci ƙarfin Jongja, ɗanta ya zo ɗaukarta zuwa birnin Busan. Kafin ta tafi ta dogara sanda har ƙofar Gyesun, ta miƙa mata laujenta.

"Ke kaɗai kike kallon ciyawar nan kullum," ta ce. "Ki yanke ta ƙarshen hunturu. Kuma kada ki ba ta taki."

Gyesun ta kau da kai. "Wa ya ce miki ina ba ciyawa taki?"

"Katangar ba ta da tsawo, ƙanwata."

Gyesun ta karɓi laujen. Yanzu ta haura saba'in, ita ke yankewa, ita ke raba saiwa in ta cushe, har 'yan siraran hanyoyi ta fitar a ciki. Kowa ya san filin ya fi yadda yake a da kyau. Amma in baƙo ya tambayi hanya, mutanen gari sai su ce, "Ka miƙe sai filin Jongja."

A kakar bara na iske Gyesun tana share wajen bencin, wata baƙuwa tana ce mata, "Inna Jongja, kin iya shuka!"

Gyesun ta dafe tsintsiya, ta dube ta sama da ƙasa.

"Jongja tana Busan tana kallon talabijin," ta ce. "Matsa, kin taka min saiwa."