Yatsu Biyun da Baba Ya Bari a Bakin Rijiya

Shekara goma ke nan cif da muka rufe Baba Ilyasu a dajin Tagriss, kusa da rijiyar da ya ƙare rayuwarsa a bakinta. Niyyata in rubuta irin abin da ƴaƴa suka saba rubutawa: mutumin kirki ne, mai haƙuri, Allah Ya jiƙansa. Duk gaskiya ne. Amma makon jiya na ji wata magana a kansa da har yau in ta faɗo mini ina cin abinci sai in tsame hannu. Ita zan faɗa muku, ko da yake ni ne zan fita da kunya a cikinta.

Duk wanda ya taɓa gaisawa da mahaifina ya san yatsu uku ne a hannunsa na dama. Ina yaro in na tambaya sai ya ce, "Igiya ta ci," ya ci gaba da abin da yake yi. Ban taɓa neman ƙarin bayani ba, don a wajenmu wannan ba baƙon abu ba ne. Rijiyoyinmu zurfi gare su, hannu ba ya jan ruwansu. Takarkari ake ɗaura wa igiya, yaro ya kama shi ya yi ta nisa da shi, babba yana tsaye a bakin rijiya. In wasaki, wato gugan fata, ya iso sama sai babban ya yi kira, yaron ya tsayar da san nan take, sannan a kai hannu a kamo ruwan. Aikin yaron kaf bai wuce wannan ba, ya saurari kira ɗaya.

Mu biyu ne maza a gidan, ni da yayana Idi. Idi kuwa bala'i ne mai ƙafa biyu. Ya hau maraƙi ya kayar da shi ya sake hawa, ya tsokani karen maƙwabta, ya yi kokawa da wanda ya girme shi da shekara uku. Muryarsa ake fara ji kafin a ga garkenmu. Ni ban kai shi ɓarna ba, ko kuwa haka na ɗauka. Shekarar da ɗan aiken mai gari ya zo ya ce kowane gida ya ba da yaro ɗaya lakwal, wato makarantar boko, kawunnanmu baki ɗaya suka ce a ba da Idi, mutane su huta. A lokacin ai ba wanda ke kai wa lakwal ɗan da yake da amfani a garke. Baba ya ƙi. Ni ya ɗora a raƙumi ya kai, na ga ya ja malamin, da muke ce wa mushe, gefe sun daɗe suna magana, sannan ya juya.

Shekara da shekaru ina ba ɗalibaina wannan labarin da fahariya. Nakan ce musu ubana bai san ko bihim ba a boko, amma ya san ƙwaƙwalwa in ya gan ta. Hujjata ma ba kaɗan ba ce. Ni ne a bencin gaba, dab da teburin mushe. Ni ke goge tabulo, wato allon bango, ni ke ɗauko alli, ni ke raba kaye na rubutu, ni ke buga tsohon ƙarfen ƙafar mota da aka rataya a aduwa in lokacin fita ya yi. Sa'a guda ba ta wucewa ba a tashe ni wani aiki ba. Na girma ina ganin ni ɗan gaban goshi ne.

Yau ni ne direkta, wato shugaba, a wata lakwal a nan Dakoro, kuma ɗana Bashiru, mai shekara tara, yana aji uku a cikinta. Yara masu ƙiriniya ba su taɓa damuna ba. Na ga ɗaruruwansu, musamman ƴaƴan makiyaya da ba su saba zaman benci ba: wata biyu na farko kamar an ɗaure ɗan akuya, daga baya su saba. Bashiru bai saba ba. Yakan ba da amsa tun ba a gama tambaya ba. Layi biyu zai rubuta ya tashi. Bik na rubutu nawa ya ɓatar, Allah kaɗai Ya sani. A gida a aike shi sayen gishiri, a tsince shi wajen masu gyaran moto, wato babur, ya manta da abin da ya fitar da shi. Ko ƙwallo abokansa sun daina sa shi a raga, don sai a zura yana kallon shirwa. Ɗan direkta ne na ƙarshe a aji, malamaina suna sunkuyar da kai in na wuce. Na doke shi. Ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba, kuma a gaban aji, don kada a ce ina son kai.

Uwarsa, Zainabu, ita ta matsa sai da muka kai shi wajen wata likitar yara a Maradi. Na tafi ne don a daina damuna. Matar ba ta yi gaggawa ba. Ta sa aka duba kunnensa da idonsa, ta tambayi barcinsa da cinsa, ta tambaya ko akwai wani tashin hankali a gida, don a cewarta yunwa ko rashin barci ko damuwa duk suna iya hana yaro zama. Ta ba mu takarda malamarsa ta cika, ta ce mu dawo. A zuwa na biyu ta ce abin da take gani shi ne wanda suke kira TDAH, wato matsalar tattara hankali da kame jiki. Na ce, "Madam, ƙiriniya ce kawai aka sa wa sunan Nasara." Ba ta ji haushi ba. Ta ce mai ƙiriniya yana da inda yake natsuwa, in ya ƙudurta zai gama abu yana gamawa, kuma yana raguwa da girma. Wannan kuwa yana bin yaro ko'ina, gida da aji da wajen wasa, tun yana ƙarami, yana jawo masa asarar da shi kansa ba ya so. Ba ƙin ji ba ne, in ji ta, kuma duka ba ya gyara shi. Sannan ta tambaya ko akwai mai irin halin a dangi, don sau da yawa ana gadonsa. Na ce babu, da ƙarfina. Zainabu ta yi wani ɗan tari, ta dubi makullan moton da na ɓatar, muka yi rabin safiya muna nema.

Ban karɓi maganar ba. Na yanke a raina cewa in an tashi hutu zan cire Bashiru daga lakwal in kai wa Idi shi daji, ya bi shanu, tunda boko ya ƙi shi. Zainabu ta yi kuka, na ce na gama magana.

Makon jiya muka taru a gidan Idi don yi wa Baba addu'a. Bayan an shafa, mutane sun watse, muna zaune mu biyu da hantsi yana dafa shayi, na gaya masa shawarata. Na ƙara da cewa ya fara sa yaron jan takarkari a rijiya, ko zai koyi natsuwa. Idi ya ajiye buta. Ya ce, "Wanga yaron da kac ce ba ya jin kira, shi za ni ba igiya? Hamidu, halan kai har yau ba ka san mi yac ci yatsun Baba ba?"

Na ce igiya.

"Igiya dai, amma wa ke riƙe da sa? Kai ne. Shekararka shida. Baba ya yi kira har sau ukku, ya riga ya kai hannu, kai ko ka hangi zomo, ka bi shi da ido kana ta tahiya da sa. Ni na sheƙa na tare ka. Kahin ka waiga Inna ta ɗauke ka ta kai ka wurin Gwaggo, anka ce maka igiya ta tsinke."

Na tuna kwanakin nan a wurin Gwaggo, har nonon da take dama mini na tuna. Na tuna na dawo na tarar da hannun Baba a naɗe da tsumma, na tambaya ko da zafi, ya ce kaɗan. Shekara arba'in da wani abu ina sumbatar hannun nan ranar sallah, ina kallonsa yana kokawa da maɓallin riga, ban taɓa sanin aikina ba ne. Idi ya ce Baba ya tara gidan ya rantsar da kowa kada a gaya mini, kuma da ba don zan maimaita abin a kan wani ba, da shi ma da maganar za a rufe shi.

Na tambaye shi me ya sa to ba shi aka kai lakwal ba, shi da kowa ke kuka da shi. Idi ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya ce da kawunnai suka matsa, Baba ya ce musu, "Idi ƙahwa ce ta yi mai yawa, in ya gaji shi zamna, kuma in na yi kira shina ji. Hamidu ko ya zamna bai zamna ba. Ba da gangan yaka yi ba, haka Allah Ya yi shi. In na bar shi nan, wata rana rai za ya tahi." Abin da ya tsaya gaya wa mushe kuma ran da ya kai ni, in ji Idi, roƙo ne: a ajiye ni kusa, a riƙa gaya mini abu ɗaya-ɗaya, in an ga na fara mutsu-mutsu a aike ni wani wuri, kada a doke ni.

Ashe bencin gaba da alli da ƙarfen aduwa ba gata ba ne na mai ƙwaƙwalwa. Dabara ce ta makiyayi mai yatsu uku da wani mushe da ya saurare shi. Ni ba likita ya duba ni ba, ba zan laƙaba wa kaina suna ba, kuma ina roƙon malamai ƴan'uwana kada su fara nuna kowane yaro mai tsalle su ce ga mai TDAH, don Idi ma ya yi tsalle, ga shi nan garau da garkensa. Amma abin da likitar nan ta yi zama biyu da takarda tana bincika, shi Baba ya lura da shi a bakin rijiya: ba yawan motsi ake dubawa ba, a duba ko yaron yana iya tsayawa in tsayawar ta zama dole, ko kuwa ko'ina abin yana fin ƙarfinsa.

Tun ran nan nake tambayar kaina me zai ce da ya ga yau. Ina jin zai yi murna da jin cewa abin yana da suna, har akwai masu karatunsa. Ajinmu mai cike da yara kuwa, inda malama ɗaya ba ta ko iya ratsawa tsakanin benci, zai girgiza kai ya ce ko garke in ya kai haka ana ƙara makiyayi. Abin da ba na iya hasashe shi ne fuskarsa in aka ce masa ɗan da ya cire daga rijiya ya kai lakwal don ya tsira, shi ne ya tashi cire nasa ɗan daga lakwal ya kai rijiya don ya huta da kunya. An yanke masa yatsu biyu saboda ni, bai taɓa ɗaga sauran ukun ya mare ni ba. Ni nawa biyar ne cif, kuma Bashiru ya san nauyin kowanne.

Ran Litinin na shiga aji uku, ba a matsayin direkta ba. Na tsaya a bakin ƙofa kamar kowane uba na nemi izini. Malamar, yarinya ce da ban fi shekara biyu da karɓarta aiki ba, ta miƙe a rikice. Na roƙe ta abin da aka roƙa mini: bencin gaba, magana ɗaya-ɗaya, aike in ya fara motsi. Na kira Bashiru waje na ce masa babu inda za shi, kuma za mu koma wajen likita mu ji sauran shawararta. Da na ɗaga hannu zan dafa kansa sai ya kauce, ya kare fuska. Wannan kaucewar ba zan manta da ita ba har in mutu.

Baba bai bar mana littafi ba, rijiyar ma yanzu rabin shekara take kafewa. Abin da ya bari shi ne yadda ake kallon yaro har a gane abin da yake iyawa da abin da ya fi ƙarfinsa, kuma sai da ya shekara goma a ƙasa gadon ya iso hannuna. Jiya Bashiru ne ya buga ƙarfen fita. Ya buga shi saura minti biyar lokaci ya yi, lakwal duka ta watse, malamai suna kallona su ga abin da zan yi. Na duba agogo, na ce ai lokaci ya yi. Allah Ya jiƙanka, Baba. Ka yi kira sau uku ban ji ba, sai yanzu na tsaya.