Tokar Arumugam

Arumugam ɗan Chidambaram, jikan Velayudam mai naɗin taba na garin Woraiyur, shi ne dattijon da ke zaune daura da tashar mota, ya ɗaga haɓa sama kamar mai jiran aski. Farin zanensa ya sha guga, gashin bakinsa ya yi jaja-jaja, alamar ya daɗe da hayaƙi. A bakinsa akwai suruttu irin naɗin kakansa, tabar nan mai kauri ta ganye zalla, tokarta ta kai tsawon yatsa ba ta karye ba.

Gasa suke da surukinsa Kadiresan, wanda ba ya yabon kowace taba sai ta Havana, ita ce ma a bakinsa. Wanda tokarsa ta riga faɗuwa zai furta a bainar jama'a cewa tabar ɗan'uwansa ta fi.

Ƙuda ya sauka a hancin Arumugam, bai motsa ba. Abokai suna ta shewa.

"Arumugam, yi atishawa mana ka huta!" in ji mai shayi.

Motar da za ta kai su Madurai ta tashi, matar Arumugam tana leƙowa ta taga tana ƙwala masa kira. Ko ido bai juya ba har motar ta ɓace. Can sai Kadiresan ya tuntsire da dariya, tokarsa ta zube a cinya.

Arumugam ya miƙe yana taka rawa. Aka tambaye shi dalilin da ya bar matarsa ta tafi saboda toka.

Ya ce, "Ita ta saba yafe mini. Kakana kuwa bai iya yafiya ba."