Ƙashin da Yaya Wahabu ya tsinta a cikin tsakuwa

Wata makaranta a Dapaong ta sa dutsen yayana a akwatin gilashi, ta rubuta a ƙasa wai ɗalibanta ne suka gano shi. Ƙarya ce. Wahabu mahauci ne ya gano shi.

Shekara talatin da takwas yana fawa a Zangon Sokodé. Da gwiwa ta ƙi, 'yarsa Zénabou ta ɗauke shi zuwa gidanta a Dapaong ya huta. Mutumin da bai saba zama ba! Ya ji a rediyo cewa akwai halittun da can da suka mutu, ƙasa ta rufe su har suka zama dutse, fosil ake ce musu. Shi ke nan, ya ɗauki bokiti.

Farkon abin ban kunya ne, ba zan ɓoye ba. Ya tara duwatsu masu zanen baƙin ganye, ya hau moto, wato babur, ya kai wa malamin kimiyya na makarantar nan. Malamin ya kankare ɗaya da makulli, zanen ya tafi.

"Baba, wannan tabon ma'adini ne, ruwa ya bari. Ka je ka huta."

Bokiti biyu ya zubar a bayan gida. Amma ya ce mini a waya: "Khairiyya, zane ne ya ruɗe ni. Daga yau cikin abu zan duba, kamar yadda nake duba cikin sa idan na yanka."

Bayan wata huɗu wata babbar mota ta juye tsakuwar gini daga kudu kusa da gidan Zénabou. Yaya ya roƙi magina, ya tsuguna yana tona. Ya ɗago wani dunƙule mai ruwan ƙasa, gefensa a karye. A karayar ya ga ƙananan ramuka kamar soso. Ya taɓa da harshe, ya ji ya ɗan manne.

Magina suka fashe da dariya. "Tsoho, a ƙara maka gishiri?"

"Ku dafa tuwo dai," in ji shi. "Wannan gaɓar ƙashin baya ce."

Da ya kai makaranta, malamin ya gan shi a ƙofa ya ce, "Baba, kai ne kuma?" Ya karɓa don kunya, ya jefa a aljihun tebur. Can ya zauna har wata masaniyar duwatsu, Madam Amira, ta zo daga Lomé yi wa ɗalibai lacca. Ta juya shi, ta sa madubin ƙara girma, ta ce a kira wanda ya kawo.

"Baba, ta yaya ka gane?"

"'Yata, dutse cikinsa da bayansa ɗaya ne. Ƙashi kuwa yana da ɓawo, yana da gidan ɓargo. Ga kuma inda haƙarƙari ya zauna."

Ta ce ƙashi ne, kuma ta fi zaton na dabbar teku ne. Ta miƙe tsaye ta gaishe shi da hannu biyu a gaban kowa. Da labari ya iso Zango, mahauta suka yanka rago. Yanzu magina da kansu suke kawo masa duwatsu ya duba.

To, Direktan makarantar nan, ni na je na karanta takardar da ke ƙasan akwatin da idona, ba labari aka ba ni ba. Wane ɗalibi ne ya tsuguna a tsakuwa da ciwon gwiwa? Ku cire ta. Ku rubuta: Wahabu, mahauci, Zangon Sokodé. Da manyan baƙaƙe, kafin a koma makaranta.